Makunnin Keke Napep: Yadda Yake Aiki, Abin Da Ke Lalata Shi A Nguru Da Gashuwa, Da Yadda Ake Gyara Shi

Makunnin keke mai ƙafa uku, wanda direbobi da masu riwaya suka fi kira iginishin, shi ne wurin da ake zura makulli a murɗa kafin inji ya tashi. Girmansa bai kai dunƙulen hannu ba, kuma yana cikin kayan gyara mafi araha a jikin keke, amma ta cikinsa ne wutar batir ke bi zuwa fitila da ham da sigina da na'urar da ke ba fulogi tartsatsi. Idan ya samu matsala keke na iya ƙin tashi, ko ya mutu ana cikin tafiya, ko kuma ya ƙi mutuwa bayan an zare makulli. A Nguru da Gashuwa da ke arewacin Jihar Yobe, inda ƙura da zafi da ruwan fadama suke haɗuwa a kan abin hawa ɗaya, wannan ɗan ƙaramin abu yana cikin dalilan da ke sa direba ya wuni a gareji alhali mai keke yana jiran balas da yamma.

Yadda keken ya zama abin hawan garuruwan biyu

Asalin wannan keke yana komawa ga kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya, wanda ya fito da samfurin Ape a 1948. Daga baya kamfanonin Indiya suka ɗauki fasalin suka bunƙasa shi, shi ya sa mafi yawan kekunan fasinja da ke kan titunan Najeriya a yau ƙirar Bajaj RE ne ko TVS King, masu inji silinda ɗaya mai girman kusan cc 200. A Legas an fara saninsa da Keke Marwa a zamanin mulkin Buba Marwa, tsakanin 1996 da 1999. Sunan Napep ya samo asali ne daga shirin yaƙi da fatara na gwamnatin tarayya, NAPEP, wanda aka kafa a 2001 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, yayin da a Kano sunan Adaidaita Sahu ya bi shi daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau.

A Yobe kuwa matsalar tsaro ce ta yaɗa shi. Bayan hana hawa babur a 2012 saboda hare-haren Boko Haram, 'yan acaɓa da dama sun koma keke, jama'a kuma suka saba da shi. Sai a watan Maris na 2023 gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage haramcin a ƙananan hukumomi 10, ciki har da Bade da Nguru. Babura sun dawo, amma keken bai gushe ba. Shi ke kai marasa lafiya Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, shi ke ɗaukar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da na Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, sannan ɗan'uwansa mai bodi, wanda galibi ƙirar Sin ne, yana jigilar buhunan shinkafa da busasshen kifi da barkono daga bakin fadama zuwa kasuwa. Kekunan da aka saya a shekarun haramcin yanzu sun tsufa. Da yawansu sun bi ta hannun mutum uku ko huɗu, an sauya musu inji ko an yi masa garambawul, amma makunnin da wayoyinsa suna nan tun na farko, ko kuma an yi musu ɗori a kan ɗori.

Abin da ke cikin makunni

Makunni kashi biyu ne a haɗe. Na sama kwaɗo ne irin na ƙofa: wani ƙarfe mai juyawa da ke ɗauke da 'yan siraran faranta, kowanne da ɗan sifirin a ƙarƙashinsa. Idan makullin da ya dace ya shiga, haƙoransa suna daidaita farantan a layi ɗaya, sai ƙarfen ya samu damar juyawa. A wasu kekunan wannan kashin ne kuma yake kulle kan keke idan an ajiye shi. Na ƙasa shi ne ɓangaren wuta, wato wani faifan roba mai ɗauke da 'yan ƙusoshin jan ƙarfe ko tagulla, wanda wani ɗan faranti yake goga su yana haɗa waya da waya gwargwadon inda aka tsayar da makulli. Bambance waɗannan kashi biyu shi ne rabin gyaran, domin makullin da ya ƙi murɗuwa ciwon sama ne, wanda kuma ya murɗu lafiya amma wuta ba ta zo ba ciwon ƙasa ne.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan muhimmanci, wanda rashin saninsa ya ƙona wa mutane da yawa CDI, wato ɗan akwatin da ke tsara lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi. Injina iri biyu ne. A iri na farko, CDI yana samun wutarsa ne daga kwayil ɗin da ke cikin inji, ba ruwansa da batir. Aikin makunni a nan shi ne kashewa: idan an mayar da makulli baya, yana haɗa wayar CDI da ƙarfen jikin keke, sai wutar ta zurare, inji ya mutu. Wannan tsari ya yawaita a tsofaffin babura da kekunan kaya. A iri na biyu kuwa CDI yana cin wutar batir mai ƙarfin bolt 12, kuma makunni ne ke ba shi ita. A murɗa makulli wuta ta je, a mayar da shi ta yanke.

Saboda haka lalacewa iri ɗaya tana iya nuna fuska biyu. Idan ƙusoshin makunni suka yi tsatsa a inji mai cin wutar batir, keke zai ƙi tashi. Idan suka yi tsatsa a inji mai cin wutar kwayil, keke zai tashi da hannu lafiya lau, amma a kashe makulli ya ci gaba da ruri, domin hanyar zurar da wutar ta toshe. Idan kuma laima ko baƙin datti ya cike tsakanin ƙusoshin, sai wutar ta riƙa zurarewa ko da makulli yana kunne, fulogi ya rasa tartsatsi, a yi ta zargin kafireta.

Tsarin farko shi ne kuma na tsofaffin baburan daji masu ƙafa uku da manyan tayoyi, waɗanda Honda ta fara sayarwa a Amurka a 1970 don tafiya a yashi da gona. An daina sayar da sababbinsu a can a 1988 bisa wata yarjejeniya tsakanin gwamnati da kamfanonin da ke ƙera su, saboda yawan kifewa da asarar rayuka. Waɗanda suka rage suna hannun masu sha'awar tsofaffin injina, kuma ciwon makunninsu bai bambanta da na keken da ke dakon albasa a Gashuwa ba.

A launin waya, kayan Honda da na Sin da suka kwaikwaye su galibi suna amfani da ja ga wutar da ta fito daga batir, baƙi ga wutar da ta fita bayan an murɗa makulli, kore ga wayar da ke haɗe da ƙarfen jiki, sai baƙi mai ratsin fari ga wayar kashe inji. Kekunan Indiya suna da nasu launukan. Keken da ya sha hannun riwaya kuwa launinsa ba abin dogaro ba ne, domin duk guntun wayar da ke kusa da ita ake ɗori.

Abin da ke cinye shi a wannan yanki

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi kamar gari, ga kuma rairayin da ke kwararowa daga tuddan yashin Yusufari da Machina. Ramin makulli a buɗe yake yana kallon sama ko gefe, ƙurar na shiga ta zauna tsakanin faranta. Direba ya ji makulli ya fara tauri, sai ya ɗiga masa baƙin mai. Kwana biyu ya yi laushi, a mako na biyu man ya kama ƙura ya zama taɓo mai goge ƙarfe, faranta su maƙale, sifirin su kasa tura su. Da yawa daga cikin makunnan da ake jefarwa baƙin mai ne ya kashe su.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, faifan robar ƙasa yana laushi, ƙusoshin da ke dashe a cikinsa su saki. Da damina kuma hanyoyin ƙauyukan da ke bakin kogin Yobe da dausayin Hadeja zuwa Nguru suna cika da ruwa, kuma Gashuwa ta sha ganin ambaliya a unguwanninta, kamar yadda aka yi a 2022. Keken da ya ratsa ruwa, ko wanda aka wanke da tiyo mai ƙarfi, yana riƙe laima a cikin soket, bayan 'yan makonni a ga koren tsatsa a bakin wayoyi.

Sauran ɓarnar ta hannun mutum ce. Tarin makullan gida da na shago da ake ratayawa a jikin makullin keke suna rinjayarsa ƙasa, kowane gargada yana cin haƙoransa da faranta. A hanyar Nguru zuwa Gashuwa ta Jajimaji, mai tsawon kimanin kilomita 70, da hanyoyin burji da ke ɓallewa daga gare ta, wannan girgiza ba ta yankewa. Sai kuma kayan ƙari: rediyo da manyan lasifika, cajar waya, fitilun ado, ƙarin ham. Kusan duk a wayar da ta fito daga makunni ake rataya su. Lissafin a fili yake. Ƙwan fitila mai wat 35 yana jan kusan amfiya 3 a wutar bolt 12. Idan jimillar abin da ke bi ta makunni ya kai amfiya 6, kuma tsatsa ta sa ƙusoshinsa suna tare wuta da rabin om kacal, to bolt 3 sun salwanta a nan, kuma wurin yana fitar da zafin wat 18 a cikin ɗan faifan roba. Zafin na narkar da roba, ƙusa ta ƙara saki, tarewar ta ƙaru, zafin ya ƙaru. Makullin da ya yi zafi a hannu bayan tafiya alama ce cewa abin ya riga ya yi nisa.

Gano inda ciwon yake

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen sabon makunni kafin a auna komai. Batir ake fara dubawa. Mai lafiya da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan inji a kashe yake. Wanda ya sauka zuwa 12 ko ƙasa da haka ya yi rauni. Idan inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba matsalar ta caji ce, ba ta makunni ba. Daga nan sai kawunan batir, ko sun saki ko sun yi farin gari, sai fiyus, sai wayar da ta haɗa batir da ƙarfen jiki. Waɗannan huɗun suna kwaikwayon ciwon makunni har su ruɗi ƙwararre.

Ƙarar da ake ji ma tana ba da labari. Babbar wutar da ke juya sitata ba ta bi ta makunni. Shi dai yana aika 'yar ƙaramar wuta ce zuwa rile, rile ya haɗa babbar waya. Don haka idan fitilun gaban direba sun kama, aka ji rile ya yi ƙas amma inji bai juya ba, makunni ya yi nasa aikin, sai a koma kan batir ko rile ko sitata. Idan kuwa an murɗa makulli ba fitila, ba ham, ba ƙas, alhali batir da fiyus lafiya, to zargi ya koma kansa. Akwai gwaji mai sauƙi da direba zai iya yi da kansa: a bar makulli a kunne a ɗan girgiza shi, a kuma motsa soket ɗin da ke bayansa. Idan fitila tana ɗaukewa tana dawowa, an gano wurin.

Mai riwaya yana tabbatarwa da mita ko da ƙwan gwaji. Zai duba ko wuta tana isowa wayar shiga, sannan ya murɗa makulli ya duba ko tana fita. Wannan kaɗai bai isa ba, domin ƙusa mai tsatsa tana iya nuna bolt 12 cif idan babu abin da ke jan wuta, ta kuma gaza da zarar an kunna fitila. Gwajin da ya fi gaskiya shi ne a kunna fitila, a ɗora bakin mita ɗaya a wayar shiga, ɗayan a wayar fita. Makunni mai lafiya kusan sifili zai nuna. Abin da ya haura rabin bolt yana nufin ƙusoshin sun ci. A inji mai cin wutar kwayil ana ƙara auna wayar kashewa da ƙarfen jiki bayan an zare ta daga CDI: su haɗu idan makulli a kashe yake, su rabu sarai idan an kunna.

Gyara

Kafin a taɓa kowace waya ana cire kan batir mai alamar ragi, shi ne kuma ake mayarwa a ƙarshe. Dalili shi ne jikin keke duka a haɗe yake da wannan kan, don haka sifana da ta taɓa ɗaya kan da ƙarfen jiki a lokaci guda za ta ba da tartsatsin da ke iya ƙona hannu ko tayar da wuta inda akwai warin fetur. Yana da kyau a ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a zare su.

Idan ciwon na kwaɗo ne, a fara gwada makulli na biyu da ya zo da keken. Sau da yawa makullin ne ya cinye, ba kwaɗon ba. Yanka sabo daga cinyayyen makulli kwafar lalacewar ne kawai, don haka daga wanda ba a yi amfani da shi ba ake yankawa. A keken da ke kulle kai, a ɗan motsa kan hagu da dama yayin murɗawa, domin nauyin taya yana danne sakatar. Ramin da ya cika da datti ana wanke shi da ruwan feshin wanke kayan lantarki, wanda ke bushewa nan take, a busa masa iska, sannan a goga bakin fensir a jikin makulli a zura a zare sau da yawa. Garin fensir yana sa santsi ba tare da kama ƙura ba. Makullin da ya karye a ciki ana zaro shi da siririn ƙarfe ko bakin filaya mai tsini. Masu ɗiga gam don su manne guntun sukan ƙare da manne faranta gaba ɗaya.

Idan ciwon na ɓangaren wuta ne, faifan ƙasa yakan fita idan an buɗe 'yan kunnuwan ƙarfe ko ƙananan ƙusoshin da suka riƙe shi. A buɗe shi a kan tire ko farin ƙyalle, saboda akwai 'yan sifirin, wani lokaci da ɗan ƙwallon ƙarfe, waɗanda in sun faɗa cikin yashin gareji an rabu da su ke nan. Ana goge ƙusoshin da sanfefa mai laushi har jan ƙarfe ya fito, a share garin, a shafa ɗan giris kaɗan irin na kayan lantarki. Wayar da ta tsinke daga gindin ƙusa da dalma ake liƙa ta. Murɗa wayoyi da hannu a naɗe da salatif gyaran kwana kaɗan ne, domin zafin bazara yana sakin gam ɗinsa. Bakin soket da ya buɗe ana ɗan matse shi ya kama da ƙarfi.

Faifan da ya narke ko ya yi baƙi ba ya gyaruwa, haka ma kwaɗon da makulli ke zarewa daga cikinsa ana cikin tafiya, ko wanda kowane makulli ke murɗawa. A nan sai sabo. A tafi shago da tsohon a hannu, a gwada yawan wayoyi da siffar soket, sannan a auna sabon da mita kafin a ɗaura, don a tabbatar wace waya yake haɗawa da wace a kowane matsayi. Makunnai biyu na iya zama kamar tagwaye a ido alhali cikinsu daban. Idan aka ɗaura na inji mai cin batir a kan mai cin kwayil, wutar bolt 12 na iya shiga wayar kashewa ta ƙona CDI, wanda kuɗinsa ya fi na makunnin. Kasuwa cike take da jabu. Mara nauyi a hannu, mai siraran wayoyi, mai murɗuwa sakwaf ba tare da tsayawa daram a kowane matsayi ba, da wuya ya ga damina biyu. Wanda kuma ba zai rabu da rediyo da fitilun ado ba, sai a ja musu waya ta daban daga batir, da fiyus nasu da rile nasu, makunni ya zama umarni kawai yake bayarwa.

Haɗin kai-tsaye

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ribar direba ta ragu, kuma duk gyaran da za a iya ɗagawa ana ɗaga shi. Shi ya sa ake yawan ganin keken da aka tsallake makunninsa, wayoyi biyu na reto a ƙarƙashin kan, ko an sa masa makunnin fitilar ɗaki. A matsayin dabarar fitar da keke daga daji zuwa gari, ana iya yi wa mai yin haka uzuri. Barinsa a haka shi ne ganganci. Tsirarar waya mai wuta tana gogar ƙarfe a abin hawan da ke ɗauke da fetur da soso da tamfol, sau da yawa kuma an riga an maye gurbin fiyus da guntun waya ko takardar kwalin sigari, wato babu abin da zai yanke wutar idan ta haɗu. Batir yana zurarewa cikin dare idan an manta ba a raba wayoyin ba. A inji mai cin wutar kwayil, cire makunni yana nufin babu hanyar kashe inji da gaggawa idan totur ya maƙale a cikin kasuwa ko keke ya kife da fasinja.

Ga kuma batun sata. Keken da ba ya bukatar makulli kowa direbansa ne, kuma wanda ya karɓi keke bisa sharaɗin biya kashi-kashi bashin yana kansa ko da keken ya ɓace. A shingen bincike ma, keke mai fasasshen kwaɗo da wayoyi a waje shi ne irin wanda jami'an tsaro ke tsarewa har sai an kawo takardu. Saboda haka wanda ya sauya makunni ya riƙe rasiɗin shago tare da takardun keken, ya sanar da mai keke idan ba nasa ba ne, ya kuma ajiye makulli na biyu a gida ba tare da ya taɓa shiga aljihun aiki ba. Masu sayen keke na hannu su gwada lambar inji da ta bodi da abin da ke rubuce a takarda, musamman idan makunnin sabo ne fil a jikin tsohon keke.